Bindigar ɓauna da gwanki: wace za ka saya?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Garwa, arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana harbin zabi da fakara da gada da bindigar tsuntsaye, yanzu kuma yana neman lasisin farautar manyan namun daji a ɗaya daga cikin yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai. Yana son ɓauna da gwanki da kanki, in hali ya yi har da yamusa, babbar dabbar nan ta dangin gwanki. Wani abokinsa ya ce ya sayi .300 Winchester Magnum saboda tana kai nesa, wani kuma ya ce ɓauna ba ta jin komai sai .458. Kuɗinsa na bindiga ɗaya ne. Wace zai saya?

Malam, sayi .375 H&H Magnum mai sakata (irin da ake ɗaga hannunta a ja baya a tura gaba), wadda nauyinta da madubin saiti da komai ya kai kilo huɗu da rabi ko kusa da haka. Ka zuba mata harsashi mai nauyin giram 19.4, wanda za ka ga an rubuta 300 a kwalinsa, ka kuma tabbata irin mai ƙarfin jiki ne. Sauran kuɗin da ya rage ka kashe shi a kan harsashin gwaji. Abokanka biyu kowa yana da inda ya yi gaskiya, amma kowannensu dabba ɗaya ya kalla, kai kuwa dabbobi huɗu ka lissafa mini, bindiga kuma ɗaya.

Lambobin nan da ke jikin sunan harsashi kaurinsa suke nunawa. Turawan Ingila da Amurka da inci suke aunawa, saboda haka .375 kaurinsa milimita 9.5 ne, .300 kuma milimita 7.8, .458 kuwa milimita 11.6. Jamusawa su da milimita suke rubutawa, su ƙara da tsawon kwanson: 9.3x62 na nufin kauri milimita 9.3, kwanso milimita 62. Wannan kaurin shi ake kira kaliba. Amma kaliba ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka san nauyin harsashin, da gudunsa, da kuma abin da aka ƙera shi da shi.

Dubi dabbobin da ka ambata. Kanki bai cika wuce kilo 200 ba. Gwanki namiji yana tsakanin 250 da 300, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun gwanki mai rauni ya san dabba ce mai taurin rai, in an matsa masa ya juyo da ƙahonsa. Ɓaunar yankinku ba ta kai ta Tanzaniya da Zimbabuwe girma ba, amma bijiminta yana iya kai rabin tan, fatarta da kauri, haƙarƙarinta faffaɗa, ga ƙashin kafaɗa da ke tare zuciya da huhu. Yamusa kuma shi ne mafi girma a dangin gwanki da barewa duk duniya, babban namiji yana iya kusantar kilo 900. Shi ba mafaɗaci ba ne, amma girman jikinsa kaɗai ya isa ya shanye ƙaramin harsashi kafin ya kai inda ake so. Ga kuma yanayin wurin: daji ne na doka da baushe, bayan an ƙona ciyawa itatuwa sun yi sabon toho, dabba tana tsaye rabin jikinta a bayan ganye. Yawancin harbin da za ka samu tsakanin mita 60 ne da 150, da wuya ya wuce 200. Bindigar da ake nema ita ce wadda za ta ratsa kafaɗar ɓauna a mita 50, ta kuma sami kanki a mita 200 ba tare da ka tsaya lissafi ba.

Abokinka na farko ya ce .300 tana kai nesa, kuma gaskiya ne. Tun da kamfanin Winchester ya fito da ita a 1963 ta zama abin so ga masu farauta a duwatsu da filayen Amurka, inda ake harbi a mita 300 zuwa sama. Harsashinta mai giram 11.7 yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. In kanki da maraya da gwanki kaɗai kake nema, da ban hana ka ita ba, da ma na ce .30-06, wadda ba ta kai ta ƙarfi ba, ta ishe ka. Inda ta gaza shi ne ɓauna. Masu sayar da bindiga suna son nuna wa mutum teburin ƙarfin harsashi, wanda ake aunawa da jul, su ce ga shi .300 tana da jul kusan 4,700. To 9.3x62, wadda harsashinta mai giram 18.5 ke tafiya mita 720 kawai a daƙiƙa, ita ma jul kusan 4,800 take bayarwa. A takarda ɗaya suke. A jikin ɓauna kuwa ba su haɗa hanya ba. Ƙarfin .300 daga gudu yake fitowa, shi kuwa harsashi mara nauyi mai gudu da yawa in ya daki babban ƙashi yakan buɗe da wuri, ya zubar da ƙarfinsa a tafin hannu biyu na farko, ya bar mummunan rauni a tsoka alhali huhu bai taɓu ba. Mai nauyi da ke tafiya a hankali shi yake karya ƙashin ya ci gaba da tafiya a miƙe. Abin da ke kashe babbar dabba rami ne mai zurfi da ya ratsa huhu biyu ko saman zuciya. Ba banza ba ƙasashe irin su Tanzaniya suka sa .375 a matsayin mafi ƙanƙantar kaliba da doka ta yarda a harbi ɓauna da ita.

Abokinka na biyu shi ma bai yi ƙarya ba, .458 tana kayar da ɓauna. Harsashinta giram 32.4 ne, ƙarfinta ya doshi jul 7,000. Amma ka tambayi kanka don wa aka yi ta. Bindiga ce ta jagoran farauta, mutumin da aikinsa shi ne ya tsaya a gefenka ya tare dabbar da ta taso muku a mita goma. Da ta wuce mita 150 harsashinta ya fara sunkuyawa sosai, wato ga kanki da gwanki ta zama kaya. Babbar illarta kuma shuri. Bindigar .30-06 mai kilo uku da rabi tana dukan kafaɗa da abin da ya kai jul 27. Ta .375 kusan ninki biyun haka. Ta .458 ta kai ninki uku. Mutumin da ya taso da bindigar tsuntsaye ya saba da shuri, amma ya saba da shi ne a harbin da ake yi cikin motsi, inda ɗan kauce wa saiti ba ya ɓata komai saboda ƙwayoyin suna bazuwa. Raifil ƙwaya ɗaya take fitarwa. In jikinka ya koyi tsoron bindigar, kafin kunama ta saki sai ido ya runtse, kafaɗa ta tura gaba, bakin bindiga ya yi ƙasa. Kai ba za ka sani ba, domin ƙarar harbin tana rufe abin. Sakamakon shi ne harsashi mai giram 32 a tumbin ɓauna, ita kuma ta shige dogayen ciyayin bakin rafi ta juyo tana kallon sawunta. Waɗanda za su shiga gabanka su bi jinin nan masu bin sawu ne, magidanta masu iyali, hannunsu babu komai sai sanda ko ɗan gatari. Duk lokacin da wani ya ce mini yana son bindigar da ta fi ƙarfinsa, su nake tunawa.

A tsakanin waɗannan biyu .375 take zaune, kuma ta daɗe a wurin. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912, a zamanin da albarushin da ake amfani da shi yake ƙara ƙarfi in ya ji zafin rana. Saboda haka suka yi kwansonta dogo mai tsukewa a hankali daga gindi zuwa wuya, yadda ko ya kumbura a cikin bindiga zai zaro ba gardama, kuma ya shige ɗaki, wato mazaunin harsashi a gindin bututu, sumul in an tura sakata. Albarushin yau ya fi na da haƙuri, amma zafin Garwa a watan Maris bai canza ba, wannan siffa har gobe tana da amfani. Harsashin giram 19.4 yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, ƙarfinsa jul kusan 5,800. In ka daidaita saitinka ya zama yana bugun santimita 5 sama da tsakiya a mita 100, to daga bakin bindiga har zuwa mita 200 sai dai ka ɗora a inda kake so ka danna. Wani alherinta kuma shi ne samuwa. Duk sansanin farauta da ke Afirka, daga Faro na Kamaru har Zambezi na kudancin Afirka, da wuya ka rasa kwalin .375 H&H a ɗakin ajiya. Akwai .375 Ruger da ta fito a 2007, tana yin duk abin da tsohuwar ke yi a gajeren kwanso, ba ni da abin zarginta sai cewa ran da harsashinka ya ƙare kana iya neman nata ka rasa.

In ka gwada .375 ka ga da gaske ta fi ƙarfin kafaɗarka, kada ka ji kunya, sauka zuwa 9.3x62. Wani maƙerin bindiga a Balin, babban birnin Jamus, mai suna Otto Bock ya tsara ta a 1905 don Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka, Kamaru kuwa tana cikinsu a lokacin. Sun so harsashi mai nauyi da zai shiga bindigar Mauser ta gama-gari mai araha. Shurinta bai fi na .30-06 da yawa ba, kuma ta kashe ɓauna ba adadi. Sai dai ka sani in wata rana ka nufi ƙasar da ta kafa .375 a doka, ba za a bar ka ka yi amfani da ita a kan ɓauna ba. Ita kuwa .416 Rigby, ta 1911, bindiga ce mai kyau ƙwarai ga wanda ya riga ya ƙware a .375 yana son ƙari. Ba da ita ake fara koyo ba.

Za ka ji wasu suna kawo labarin Bell, Baturen Sikotland da ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, yawancinsu da ƙaramar 7x57, su ce ashe kaliba ba komai ba ce. Mutumin nan ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, yana harbi kusan kullum na tsawon shekaru. Darasin da ke cikin labarinsa shi ne sanin jikin dabba. Ƙaramar bindigarsa ba abin koyi ba ce gare ka.

Yanzu ga abin da mutane suka fi sakaci da shi. Mutum zai kwana uku yana gardamar kaliba, sannan ya shiga shago ya ɗauki kwalin harsashi mafi araha. Bindiga ba ta taɓa jikin dabba, harsashi ne ke taɓawa. Harsashi na gama-gari dalma ce aka sa wa siririyar rigar jan ƙarfe. A jikin maraya yana aiki lafiya. A kafaɗar ɓauna rigar takan yage, dalmar ta rabu da ita ta tarwatse. Wannan matsalar ce ta sami wani Ba'amurke, John Nosler, a 1946 lokacin da yake farautar wata babbar dabba a Kanada, har ya koma gida ya ƙera harsashi mai shamaki a tsakiya: gaba ya buɗe, baya ya tsaya da nauyinsa ya ci gaba da turawa. Shi ne Nosler Partition, ya shiga kasuwa a 1948. Daga baya aka sami Swift A-Frame, wanda aka manne dalmarsa da rigar har ba sa rabuwa, da kuma Barnes TSX wanda gaba ɗayansa jan ƙarfe ne, bakinsa ya tsage gida huɗu ya naɗe baya, ya fita da kusan duk nauyin da ya shiga da shi. Ga ɓauna da yamusa ni A-Frame ko TSX nake zaɓa. Ka tsaya a kan iri ɗaya, nauyi ɗaya, ka daidaita saitinka da shi, ka harbi komai da shi tun daga maraya har ɓauna. Masu canza harsashi gwargwadon dabba su ne ake samu da na kanki a ɗaki sa'ad da ɓauna ta ɓullo.

Akwai kuma harsashin da ba ya buɗewa sam, dunƙulalle. A da ana cewa na farko mai buɗewa, sauran dunƙulallu, saboda masu buɗewa na wancan zamani ba abin dogaro ba ne. Yau ba lallai ba. Dunƙulalle yana ratsa ɓauna ya fita, ɓauna kuwa a garke take tafiya, sai ka kashe bijimi ka raunata saniyar da ke bayansa ba ka gani ba. Amma ka riƙe biyar ko shida a aljihu. Suna da amfani in ana bin dabba mai rauni wadda ba za ta ba ka sai gindi ba, kuma su ne daidai ga gada da batsiya, domin suna huda ƙaramin rami su wuce ba su ɓata nama ko fata ba.

Ita kanta bindigar, mai sakata nake nufi, wadda ake ɗaga hannunta a ja baya a tura gaba. Masu baki biyu suna da kyau amma kuɗin ɗaya zai sayi masu sakata da yawa, kuma aikin kusa aka yi su dominsa. A cikin masu sakata na fi amincewa da tsarin Mauser na 1898, wanda ke da babban farce a gefen sakata: yana cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga ma'ajiya, ya riƙe shi har ya shiga ɗaki, ya kuma fizgo kwanson bayan harbi ko ya ƙi. CZ 550, da Winchester Model 70 da Ruger M77 na baya-bayan nan, duk a kan wannan tsari suke. Masu tura harsashi kawai, irin Remington 700, su ma sun kashe ɓauna da yawa, ban ce ba sa aiki ba. Abin da ya fi tsarin muhimmanci shi ne taka bindigar ta ci harsashi ta tofar ba tangarɗa. Kafin ka biya, ko da ka karɓa, ka cika ma'ajiya ka ja sakata da ƙarfi da sauri, sau da yawa, bakin yana kallon wuri amintacce. In ta taɓa sarƙewa ko sau ɗaya, a kai wa maƙeri. Ka duba murfin ƙasan ma'ajiya kada shuri ya buɗe shi harsasai su zube a ƙafarka, abin yana faruwa. Ka duba ko an sa ƙusoshin ƙarfafawa a ƙotar katako, domin .375 tana tsaga ƙotar da ba a ƙarfafa ba. Kunama ta saki a nauyin kilo ɗaya da rabi, ba ja ba tsalle.

Batun nauyi ana yawan kuskure a kansa. Wanda ya ji cewa bin yamusa tafiyar yini ce a ƙasa cikin rana sai ya nemi bindiga mafi sauƙin ɗauka. Bindiga mara nauyi ita ta fi shuri, kuma ita ta fi rawa a hannun mai haki. Kilo huɗu da rabi ba zai kashe ka ba, ka sa mata maɗauri mai faɗi. Tsawon bututu santimita 56 zuwa 61 ya isa. Ƙota kuma ta dace da tsawon hannunka: ka rufe ido, ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, ka buɗe. In ka ga cikin madubi sarai ba ka motsa kai ba, taka ce. Kada ka yarda a sa maka abin rage shuri mai huje-huje a bakin bindiga. Yana rage shurin, amma yana watsa ƙarar gefe, kai tsaye cikin kunnen jagora da masu bin sawu, su kuwa da kunnen suke aiki.

Madubin saiti ƙarami ake so, mai ƙara girman abu daga ninki ɗaya da rabi zuwa biyar ko shida. Ka bar shi kullum a mafi ƙanƙanta. In dabba tana nesa kana da lokacin murɗawa, in tana kusa ba ka da shi, kuma madubin da aka bari a shida ba zai nuna maka komai a mita 15 ba sai baƙin gashi. Ya kasance yana ba ka tazarar santimita 9 ko fiye tsakaninsa da ido, in ba haka ba shuri zai tsaga maka gira. Kada ka yi rowa a kan madubin da maƙalansa. Gara bindiga mai matsakaicin kuɗi da madubi mai kyau da a ce akasin haka.

Lokacin farautarku da hunturu yake haɗuwa, ƙura kuwa da mai in sun gamu sai su zama taɓo a cikin sakata. Ka shafa mai kaɗan, ka goge har ya kusa bushewa, kowane dare ka zare sakata ka share. Ɗan salatif a bakin bututu yana hana ƙasa da zanzaro shiga, harsashi kuma zai huda shi ba tare da ya kauce ba. Harsashi kada a bar shi a rana a kan mota.

Sai gwaji, wanda shi ne rabin amsar tambayarka. Ka zauna a tebur sau ɗaya ko biyu don daidaita saiti, daga nan ka tashi, domin a zaune ne shuri ya fi zafi, a nan kuma tsoro ke shiga jiki. A daji a tsaye za ka yi harbi, bindiga a kan sanduna uku da aka ɗaure kansu, mai bin sawu ya kafa maka. Ka yanki naka sandunan ka saba da su. Ka kafa farantin takarda mai faɗin santimita 20 a mita 100. Ran da ka iya sa uku cikin uku a ciki, kana jan sakata da ƙarfi ba ka sauke bindiga daga kafaɗa ba, kuma ka maimaita haka a ranaku daban-daban, ka isa. Kwanson .375 dogo ne, wanda bai ja sakata har ƙarshe ba zai rufe a kan ɗaki wayam. Kada ka wuce harbi goma a zama ɗaya, ka toshe kunnuwanka, domin rabin tsoron bindiga daga ƙara yake. Don ka gane ko kana razana, ba abokinka bindigar ya juya maka baya, wani lokaci ya sa harsashi wani lokaci ya bar ta wayam, ya miƙo maka. Ran da kunama ta faɗi a kan wayam ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa, ka ga ciwonka. Maganinsa yawan danna kunama a gida da harsashin roba, da yawan harbi da ƙaramar .22, har yatsa ya koyi matsawa a hankali.

Takardu kuma kada ka ɗauke su da wasa. Izinin mallakar bindiga daban, lasisin farauta daga ma'aikatar gandun daji da namun daji daban, kowace dabba kuma da kasonta da kuɗinta. Kafin ka biya kuɗin bindiga ka sa jagoran yankin da za ka shiga ya tabbatar maka a rubuce cewa kalibar ta cika sharaɗin kowace dabba da ke lasisinka. Yankin nan ya ga abin da 'yan farautar sata ke yi, a 2012 mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi sun hallaka ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida cikin 'yan makonni, saboda haka jami'ai ba sa sassauci ga bindigar da babu takarda, kuma suna da gaskiya. 'Yan'uwa na Najeriya da ke karanta wannan su lura cewa dokar makamai ta 1959 ta sa raifil masu kalibar soja, irin su 7.62 da .303, cikin haramtattu, sauran raifil ɗin farauta kuma sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ɓauna da gwankin Yankari da Gashaka Gumti ba na harbi ba ne. Wanda ke son wannan farauta ya je inda aka halatta ta, ya yi hayar bindigar sansani, wadda galibi .375 ce, ya nemi a ba shi harsashi ya gwada ta kafin a shiga daji.

In ranar ta zo, dabba ta ba ka gefe, ka bi ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Nan saman zuciya yake da manyan jijiyoyi da huhu biyu. Sababbi sukan harba baya da yawa da kuma sama da yawa, saboda namun dajin Afirka kayan ƙirjinsu sun fi matsowa gaba tsakanin kafaɗu. In ta karkata, ka auna kafaɗar da ke ɗaya gefen, harsashi ya bi ta tsakiya ya nufe ta. In reshe ya gitta, ko wata dabba tana baya, ko numfashinka bai kwanta ba, ka fasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a ƙa'idar sansani in ka fitar da jini ka biya, ko an samu dabbar ko ba a samu ba. Da ka harba ka ja sakata nan take, in tana tsaye ka ƙara mata, kada ka tsaya kallon aikin na farko.

Musulmi ya ambaci sunan Allah lokacin sakin harsashi, in kuma ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka. Amma ɓauna da gwanki ba a tunkararsu da wuƙa don an gan su kwance. Ku ba ta mintuna, ku zo ta bayanta, bindiga a kafaɗa, ka ƙara ɗaya tsakanin kafaɗu ta gadon baya in jagora ya ce ka ƙara. Sai an taɓa idonta da dogon kara an ga ƙarfinta ya ƙare sannan mai wuƙa ya matso, shi ma ta bayan wuya, nesa da inda ƙaho zai iya kaiwa.